Abin da ke bayan “Ku bar ni, tsufa ne”

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina gani da idona, wato yadda dattawanmu maza da mata suke kwanciya da ciwo a ɗaka alhali ga asibitin gwamnati a garinsu. Ni tsohon malamin makaranta ne a Kano, na ajiye aiki 'yan shekarun baya, kuma yau shekara shida ke nan ni nake kai yayata asibiti saboda hawan jini da ciwon suga. Ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna neman abinci a Kudu. Saboda haka abin da zan faɗa a kan bencin asibiti na koye shi.

Akwai wata magana da kusan kowane gida ya san ta. Idan aka ce wa tsoho ya tashi a kai shi asibiti, sai ya ce, “Ku bar ni, tsufa ne, ai tsufa ba shi da magani.” Mu kuma sai mu ce Baba ya cika taurin kai, ko mu ce Inna ta fi yarda da jiƙe-jiƙe. Na sha jin ma'aikatan lafiya a rediyo suna cewa rashin wayewar kai ne, a ƙara faɗakarwa. Ban musa cewa akwai mai ƙin asibiti don bai yarda da shi ba, amma na zauna da dattawa masu yawa a layin ganin likita, kuma abin da na fahimta shi ne mafi yawan masu faɗin wannan magana sun riga sun yi lissafi a zuci. Sun san kuɗin mota, sun san kuɗin gwaji, sun san farashin magani, sun san abin da ɗansu yake samu a wata da yawan bakunan da yake ciyarwa. Da tsoho ya ce wa ɗansa “ba za ka iya ba”, gara ya ce “tsufa ne”, ya rufa wa ɗan asiri, ya rufa wa kansa.

Ciwon tsoho ya sha bamban da ciwon yaro, kuma daga nan wahalar take farawa. Yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro, an ba shi magani na kwana uku, ya warke, an wuce wurin. Amma hawan jini, da ciwon suga, da amosanin gaɓɓai, da ciwon ƙoda, da riƙewar fitsari da ke damun dattawa maza, ba baƙin kwana uku ba ne, 'yan gida ne. Maganinsu na kullum ne har ƙarshen rai, ganin likita kuma na wata-wata ne ko na bayan wata biyu. Duk wani cikas da matashi zai haɗu da shi sau ɗaya a shekara ya manta, tsoho zai haɗu da shi sau shida ko sau goma sha biyu, da jikin da ba shi da ƙarfi da aljihun da ba nasa ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Wanda ya daina noma, ya daina kasuwa, ko yake jiran fansho, daga ina zai fitar?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, abin ya ƙara tsananta ta fuska biyu. Kuɗin a-daidaita-sahu ya ninka, magungunan da ake shigowa da su daga waje kuma suka yi tashin gwauron zabi, musamman bayan da kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina harkarsa ta kai tsaye a ƙasar nan. Na ga abin da dattawa suka koma yi. Wani yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Wata tana shan maganin hawan jini ne kawai ranar da ta ji kanta yana sarawa, alhali hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ɗauko mutum ranga-ranga, a kashe a mako guda abin da ya fi kuɗin maganin shekara biyu, sannan a dawo da shi gida ya zama sai an kwantar an tayar.

Bari in ba ka labarin yadda ranar asibiti take, domin wanda bai taɓa raka tsoho ba yana ɗauka zuwa ne kawai a ga likita a dawo. Muna fita bayan sallar asuba, domin idan gari ya waye sosai lambar da za ka samu ba za ta kai ka gaban likita ba kafin la'asar. Idan ranar gwajin suga ce, yayata ba za ta karya ba sai an ɗebi jini. A bi layin kati, a bi layin biyan kuɗi, a jira a nemo fayil, wanda sau biyu aka ce mana ya ɓace, muka buɗe sabo, tarihin ciwonta na shekaru ya tafi tare da tsohon. Bencin ba shi da majingina, kuma ba ya isar mutane. Banɗakin yana can nesa, na tsuguno ne, babu abin riƙewa, ga mace mai ciwon gwiwa wadda ciwon suga yake sa ta yawan fitsari. Na san tsofaffin da suke ƙin shan ruwa tun daren jiya don kada su buƙaci banɗakin asibiti. Ɗakin gwaji yana wannan kusurwa, ɗakin hoto yana waccan, wani wurin ma sai an hau bene, keken tura marasa lafiya kuma ɗaya ne ko biyu, su ma suna ɗakin taimakon gaggawa. Wajen azahar a shiga wurin likita, wanda shi ma tun safe yake zaune ya ga mutane masu tarin yawa, ya ba ka minti uku ko huɗu, ya rubuta gwaji, ya ce a kawo sakamako. Sakamakon sai gobe. A ɗakin magani a ce rabin abin da aka rubuta babu, a je a saya a waje. Ni da na yi ritaya ina da lokacin wannan zirga-zirga. Amma tela, ko ɗan kasuwa, ko lebura da yake ci daga abin da ya samu a ranar, idan ya raka mahaifiyarsa ya yi asarar kwana biyu, kuma ita uwar ta fi kowa sanin haka.

Wannan fa a cikin birni ne, inda ake da Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala da sauransu. A karkara kuwa tsohon da yake jiri ko yake da ciwon baya a kan babur za a ɗora shi, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya suna riƙe da shi, a bi hanyar da damina ta cinye. A wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, akwai ƙananan asibitocin da ma'aikatansu suka gudu, hanyar zuwa babban gari kuma ta zama abin tsoro, kuma tsofaffi su ne aka fi bari a baya idan mutane suka yi hijira. Ko inda ake zaman lafiya, asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa an tsara shi ne a kan rigakafin yara da awon ciki da haihuwa. Wannan aiki ne mai kyau, ba na raina shi, kuma ya ceci rayuka da yawa. Sai dai idan tsoho ya je, ba mamaki ya tarar na'urar awon jini ta lalace, ko babu tsinken gwajin suga, ko babu maganin da zai ɗora a kai, sai a ce ya tafi babban asibiti. Idan aka maido shi sau biyu, karo na uku ba zai je ba. Zai tsaya a kyamis na bakin kasuwa, inda ake ba shi bashi, ake kiransa Baba, ake ba shi kujera, ko kuma ya saurari mai maganin da ke yawo da lasifika yana cewa kwalba ɗaya tana maganin suga da hawan jini da basir gaba ɗaya.

A nan nake so in daɗe kaɗan, domin akwai abin da kuɗi ba ya bayyana shi, wato mutunci. Dattijon da a unguwarsu ake tsugunawa a gaishe shi, wanda ya aurar da 'ya'ya ya ga jikoki, sai ya zo asibiti yarinyar da ba ta kai jikarsa ba ta daka masa tsawa a gaban mutane don bai ji an kira sunansa ba, alhali kunnen ne ya yi nauyi. Na ga wani dattijo ya miƙe a hankali ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ce uffan ba, bai kuma ga likita ba. Na san ma'aikatan nan suna cikin matsi, su kaɗan ne, aikin ya yi musu yawa, abokan aikinsu da dama sun tafi Ingila da Saudiyya, kuma a cikinsu akwai masu haƙuri da ladabi waɗanda har yau yayata take sa musu albarka da sunansu. Amma tsoho yana iya jure ciwo, wulaƙanci ne ba ya iya jurewa.

Ga kuma kunya. Tsohuwa ba za ta iya faɗa wa likita namiji, sa'an ɗanta, cewa fitsari yana kufce mata ba, balle idan ɗan nata yana tsaye a kanta yana yi mata tafinta. Dattijo ba zai iya bayyana matsalar mafitsara a gaban 'yarsa ba, sai ya ce ciwon ciki ne, a rubuta masa maganin gyambon ciki ya koma gida da ciwonsa. Ɗakunan ganin likita da yawa mutum biyu ko uku ake gani a lokaci guda, labule ne kawai a tsakani, wani lokaci ma babu. Idan kuma aka yi rashin sa'a likitan baƙo ne da ba ya jin Hausa, sai a nemo wani mai shara ko ɗan rakiyar wani ya fassara, sirrin gidan mutum ya zama na kowa. Bayan an fito, ga takardar magani da rubutun Turanci, ga ƙwayoyi kala biyar masu kama da juna. Ana cewa tsofaffinmu ba su iya karatu ba, alhali da yawansu suna karanta ajami tiryan-tiryan. Da mai ba da magani zai rubuta “safe” da “dare” da ajami a jikin leda, ko ya zana rana da wata, da an rage yawan masu shan na dare da safe. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Akwai kuma ciwon da mu kanmu ba mu ɗauke shi ciwo ba. Yanar ido tana makantar da dattawa masu yawa, alhali aiki ne na ɗan lokaci kaɗan a cire ta mutum ya koma gani, amma sai a ce ai idon tsufa ne, a ba shi jika ya riƙa yi masa jagora, a hana yaron makaranta. Gigin tsufa kuma, inda mutum yake mance sunan 'ya'yansa ko ya fita ya kasa gane hanyar gida, sai a ce sammu ne ko iska, a kulle shi a ɗaki. A wasu wurare ma tsohuwa mai irin wannan lalura har maita ake jingina mata. Likitocin da suka ƙware a kan cututtukan tsufa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Cibiya ta farko da aka keɓe domin lafiyar tsofaffi sai a 2012 aka buɗe ta, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, kuma daga Kano zuwa Ibadan ba tafiyar tsoho ba ce.

Abin da ya fi ba ni takaici, Malam Edita, shi ne dokoki suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A farkon 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, sannan a watan Mayu na 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, kuma tsofaffi suna cikin waɗanda ta ambata. A jiharmu akwai Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, sauran jihohi ma suna da irin tata. Amma ka shiga kowace unguwa ka tambayi tsofaffi goma ko sun san suna da wani haƙƙi a cikin waɗannan tsare-tsare, ka ji amsar da za su ba ka. Wanda ya ji labari ma, sai a ce ya kawo lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ya je a ɗauki hoton yatsunsa, alhali yatsun manomin da ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya sun goge, na'ura ba ta kama su. Wani kuma a ce za a turo masa saƙo ta waya, wayar ta jikansa ce, jikan yana Abuja. Tsarin da aka yi domin mai rauni, amma sai mai ƙarfi da ɗan boko a gida ne yake iya shiga, ya kauce wa mutanen da aka yi shi dominsu.

Ma'aikatan gwamnati su ma ba su tsira ba. A tsarin inshorar ma'aikatan tarayya da aka fara a 2005, mutum yana cikin tsari muddin yana aiki, da zarar ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki ya yi ritaya, sai ya fita, sai dai ya sake yin rajista da kuɗinsa. Wani abokina da ya yi aikin tarayya ya ce mini shekarun da yake da inshora da kyar yake zuwa asibiti sau ɗaya a shekara, yanzu da ciwo ya zo katin ya mutu. An ba shi lema lokacin rani, aka karɓe da damina ta faɗi.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Ghana, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune a zangon Kumasi da Accra, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin inshorar lafiya na shekara-shekara. Senegal ta fito da shirin kula da lafiyar waɗanda suka kai shekara 60 kyauta tun 2006, zamanin Shugaba Abdoulaye Wade. Shirye-shiryen nan suna da nasu matsaloli, musamman jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, amma aƙalla tsoho ya san shekarunsa kaɗai sun isa hujja. Mu kuwa a Abuja aka taru a 2001 aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin gwamnatocin jihohi ba. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. Da kowane asibitin mazaɓa zai ware rana ɗaya a mako ta dattawa, kamar yadda aka ware ranar awon ciki da ranar rigakafi, a tanadi na'urar awon jini mai aiki da kayan gwajin suga da magungunan nan 'yan kaɗan da aka fi rubutawa, da mafi yawan tsofaffi ba su buƙaci zuwa babban asibiti ba sai idan abu ya yi tsanani. Wanda jininsa ya daidaita a ba shi maganin wata uku lokaci guda, ya huta da zirga-zirga. A manyan asibitoci a yi layin dattawa daban, da benci mai majingina da banɗaki a kusa. Rajistar inshora kuma a kai ta ƙofar mai unguwa da dagaci, su shaida shekarun mutum, domin sun fi na'ura sanin wanda ya tsufa. Mun ga yadda ma'aikatan rigakafin shan-inna suka shiga gida-gida, lungu-lungu, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Ƙafar da ta kai ga jariri a cikin ɗaki za ta iya kai wa ga kakarsa da ke kwance a ɗakin da ke kusa. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, da attajiran da suke raba buhunan hatsi da azumi, su ma su sani cewa ɗaukar nauyin maganin hawan jini na tsohuwa ɗaya na shekara guda sadaka ce, ko da ba ta da hoton da za a sa a Facebook.

Mu ma 'ya'ya da ƙanne ba za mu wanke kanmu ba. Na ga gidajen da aka kasa haɗa kuɗin maganin uba na wata, amma ranar da ya rasu aka kafa rumfuna aka yi ta dafe-dafe har kwana bakwai. Na ga inda aka bar jinya gaba ɗaya a kan mace ɗaya, 'ya ko suruka, maza suna turo gaisuwa ta waya. Idan tsoho ya ce a bar shi tsufa ne, kafin mu ce masa mai taurin kai, ya kamata ɗaya daga cikinmu ya zauna kusa da shi, ba a gaban mutane ba, ya ce masa kuɗin yana nan an riga an ware, kuma ga wanda zai raka shi. Ni da kaina sai da na shekara biyu ina faɗa da yayata a kan rashin shan magani kafin na gano cewa ɓoye shi take yi don ya daɗe, saboda ta ji ni wata rana ina ƙorafin jinkirin fansho.

A ƙarshe ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka wani babban asibitin gwamnati da ƙarfe shida na safe, ba tare da ya sanar da hukumar asibitin ba, ya zauna a benci tare da dattawa har a tashi, ya ƙirga layuka nawa tsohuwa take bi kafin ta riƙe maganinta a hannu, ya tambaye ta nawa ta kashe daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Sannan ya je wurin hukumar inshorar lafiya ta jiha ya tambayi adadin waɗanda suka haura shekara 60 da aka yi wa rajista a kowace ƙaramar hukuma, a buga mana mu gani. Mu dai ranar Talatar farko ta watan gobe za mu koma, idan Allah Ya kai mu, kuma idan wakilin naka ya zo zai same mu a layin kati.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Kano.